Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Son Tuƙin Jirgin Sama, In Sayar da Fadamata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Ɗana na fari ya kammala sakandaren kimiyya a bana yana da shekara 18, kuma tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgin sama. Yanzu ya dage sai in kai shi makarantar tuƙin jirgi ta Zariya. Abin da na mallaka shi ne gonar tudu da muke ci daga gare ta, da fadamar da na gada wadda nake noman rani a cikinta, da shanun huɗa biyu. An taya fadamar da daraja, 'yan'uwana kuma sun rabu biyu, wasu na cewa in sayar, wasu na cewa wannan ba karatun ɗan talaka ba ne. Ina neman shawararku.

Wani magidanci daga Taura

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Shawarata ita ce kada ka sayar da fadamar nan yanzu, ba don burin yaron ya fi ƙarfinsa ba, sai don akwai abubuwan da ya wajaba a tabbatar kafin a taɓa ƙasar gado, kuma mafi yawansu ba sa cin kuɗi mai yawa.

A fara da lafiyar jikinsa, domin ita ce ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. Duk wanda zai tuƙa jirgin haya sai ya sami shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi, kuma ana duba zuciya da hawan jini da ji da gani. Farfaɗiya tana hana samun wannan shaida. Sanya tabarau ba ya hanawa muddin yana gyara ganin ya kai yadda ake so, saɓanin abin da ake yawan faɗa a gari. Abin da ya fi kama matasa ba shiri shi ne rashin rarrabe launuka, wanda mutum kan girma da shi bai sani ba. Likita zai buɗe masa wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, a tsakiyar kowane shafi akwai lamba, mai lafiyayyen ido ya karanta ta nan take, wani kuwa ya zura ido bai ga komai ba sai ɗige-ɗige. Dalilin tsanantawar a fili yake: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya ce, fitilun da ke gefen titin sauka kuma da ja da fari suke nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. Wannan gwajin ido ana yin sa a asibitin ido a Kano ko Dutse da kuɗi kaɗan, don haka da shi ya kamata ku fara.

Sai takardunsa. Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan tana yin nata gwajin kafin ta ɗauki ɗalibi. A nan ina so in ja hankalinka a kan Turanci, domin cin sa a takarda daban, jin sa a rediyon jirgi daban. Matuƙi da jami'in hasumiyar filin jirgi da Turanci suke magana, cikin sauri, a kan ƙarar inji, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta ce sai matuƙi ya kai mataki na 4 cikin matakai 6 na iya harshen. Yaranmu na karkara sukan yi zarra a lissafi, amma kunya takan hana su buɗe baki su yi magana. Ya fara sauraron labarai da Turanci kullum, ya kuma nemi wanda za su riƙa tattaunawa da shi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, wato kuɗi da tsawon hanya. Lasisin tuƙi hawa-hawa ne. Na farko yana ba mutum damar tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, ana samun sa daga shekara 17 bayan aƙalla awa 40 a sama, amma ba a ɗaukar mutum aiki da shi. Na biyu shi ne na haya, daga shekara 18, wanda ke bukatar awa 200, ko 150 idan an bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Tare da shi ake neman shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu da ta tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, kuma duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke rufe Kano har a soke tashin jirage ya san amfanin wannan. Na uku, wanda da shi ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja, sai mutum ya kai shekara 21 ya kuma tara awa 1,500. Kowace awa a cikin waɗanda ɗalibi ke yi kuɗi ce, domin man ƙananan jirage da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, shi ya sa kuɗin makarantar ke kai miliyoyin naira masu yawa, yake kuma hawa duk lokacin da dala ta hau. Ga abinci da masauki na kusan shekara biyu, ko fiye idan yanayi ya jinkirta tashi.

Abin da iyaye da yawa ba sa sani sai bayan an gama shi ne, lasisin haya ba ya sa a miƙa wa yaro jirgin fasinja. Kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horon na daban, wanda ake yi a na'urar kwaikwayon tuƙi, galibi a ƙasar waje kuma da dala. Mai shaidar Boeing 737 ba zai hau Embraer 145 da ita ba. Kamfanoni da yawa sun fi son wanda ya zo da shaidarsa a hannu da awoyi masu kauri, sabon matuƙi kuwa ba shi da ko ɗaya. Misalin yana kusa da mu: a 2013 gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, suka dawo da lasisinsu, amma da dama daga cikinsu sun daɗe suna jiran aiki saboda wannan mataki da ya rage. Ga shi kuma shaidar lafiya da sauran takardu suna da wa'adi, mai zaman jira ma sai ya riƙa kashe kuɗi yana sabunta su. Wanda ya sayar da fadama ya biya rabin hanya ya yi daidai da manomin da ya ƙarar da kuɗinsa a iri da huɗa bai bar na taki ba. Saboda haka ku je Zariya da kanku, kai da yaron, ku karɓi lissafin kuɗin a rubuce daga ofishin kwalejin, ku ɗora na wannan horo na ƙarshe a kai, sannan ku gwada jimillar da abin da aka taya fadamar. A ganina zai yi wuya fadama ɗaya ta ɗauki nauyin duka, ga kuma ƙannensa da su ma suke da haƙƙi a cikinta.

Hanyar da ta fi dacewa da ɗan manomi, idan yana da zuciyar aikin, ita ce ta soja. Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, ba ta karɓar kuɗin makaranta, ana shigarta ta jarrabawar JAMB da gwajinta na kanta, ana kuma raba gurabe jiha-jiha, don haka da 'yan Jigawa zai yi takara. Akwai iyakar shekarun da ake ɗauka, don haka ku duba ta a sanarwar makarantar. Rundunar Sojan Sama tana koyar da matuƙanta a Kaduna da Kano. Sai dai a faɗa masa gaskiya tun yanzu: ba duk wanda ya shiga sojan sama ne ake zaɓa ya tuƙa jirgi ba, kuma wanda aka zaɓa soja ne kafin komai, inda aka tura shi nan zai je, har fagen fama. Wannan magana ce da ya kamata mahaifiyarsa ta ji, a kuma nemi yardarta.

Ya riƙa bibiyar sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, domin gwamnatoci kan ɗauki nauyin irin wannan kwas lokaci zuwa lokaci, kuma mai takardu a shirye shi ke cin moriya. Ku yi hattara da dillalan da ke yawo da sunan sun san hanya, suna karɓar kuɗin fom ko na gurbi a wata makarantar ƙasar waje. Ko da makarantar ta gaskiya ce, lasisin da aka samo a waje sai NCAA ta tantance shi kafin a yi aiki da shi a gida.

Idan gwajin lafiya ya hana, ko kuɗin ya gagara a yanzu, kwalejin ta Zariya tana koyar da gyaran jirage da kula da zirga-zirgarsu da tsara tafiyarsu, kwasa-kwasan da ba su kai tuƙi tsada ba, Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna kuma tana ɗaukar farar hula ta JAMB su yi digiri a injiniyancin jirage. Akwai matuƙan da daga irin waɗannan ayyuka suka fara, suka tara kuɗi da sanayya a filin jirgi, daga baya suka biya wa kansu horon. A bana dai ku yi gwajin ido, ya yi rajistar JAMB ya sa NDA a zaɓinsa na farko, fadamar kuma a shuka ta kamar yadda aka saba, abin da ta bayar a ware masa na fom da na mota zuwa Zariya da Kaduna.