Tambaya da Amsa: Injin Yankan Ciyawa Mai Kujera da Ya Daɗe a Kwance

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a unguwar Ali Ɗan Sofo, a Maradi. Akwai wani injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa, shekara uku ke nan yana ajiye a rumfa. An rubuta Briggs & Stratton a jikinsa. Damina ta matso, ina so in tashe shi. In sa batir da fetur in ba shi wuta, ko akwai abin da ya kamata in fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka ba shi wuta tukuna. Sau da yawa injinan nan da ake jefarwa a Maradi zama ne ya kwantar da su, sai kuma gaggawar wanda ya zo tayarwa ta ƙarasa su. Inji ya shekara uku bai motsa ba, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, silinda ta bushe, fetur ɗin ciki ya zama danƙo.

Fara da cire buji, wanda mutanen Najeriya ke ce wa fulogi. Ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a raminsa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka dafa tafukanka biyu a kan ragar da ke saman inji ka juya. In ya juya, alhamdu lillahi, sauran aikin mai sauƙi ne. In ya ƙi, ka ƙara mai ka ƙara masa kwana biyu, kana ɗan motsa shi gaba da baya. Kada ka sa ƙarfe ka banƙare shi.

Daga nan ka kwance murfin saman inji gaba ɗaya. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma tsallake shi yana kashe inji a ƙasarmu. Wannan inji ba ya da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, tana bi ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda. Ɓera yakan yi sheƙa a wurin, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, ƙurar hunturu ta cike sauran. Injin da aka tayar a haka cikin zafin watan Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, zai iya ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin silinda da kanta. Ka sa tsinke da buroshi ka share sarai, ka kuma duba wayoyi ko ɓera ya ci.

Sai hanyar fetur. Zubar da na cikin tanki duka, ka ɗauraye da sabo. Tiyon roba in ya ƙage ko ya tsattsage, ka sake shi tare da ƴar matatar da ke tsakiyarsa. A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi. Kwance shi za ka ga koren datti ko jan danƙo. Ka wanke da maganin wanke kafireto na fesawa, ka tabbata ƴar ƙofar da fetur ke bi ta buɗe har kana ganin haske ta ciki. Da siririyar wayar tagulla ake bin ƙofar nan. Allura tana faɗaɗa ta, inji ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har abada. In akwai wani ɗan abu mai waya a gindin kofin, ka kasa kunne lokacin da aka murɗa makulli: dole ka ji ya yi ƙas. In bai yi ba, fetur ba zai wuce ba ko da tanki ya cika.

Baƙin mai a sake shi kafin a tayar. Masu silinda ɗaya sukan ci wajen lita 1.4, amma sandar awo ce alƙali. Baƙin mai mai lamba SAE 30 shi ya dace da zafinmu. Bakin buji a daidaita shi a milimita 0.76. Matatar iska ta takarda ba a wanke ta da fetur, ba a kuma hura ta da iskar mai faci, don tana hujewa ta inda ido ba ya gani. Sabuwa ake sawa.

Batir ɗinsa na volt 12 ne. In za ka ja wuta daga mota, ka bar motar a kashe. Ka zauna kan kujera sosai, ka taka birki har ƙasa, hannun da ke kunna wuƙaƙen yanka yana a kashe. Akwai maɓallan tsaro a ƙarƙashin kujera da jikin birki, in ba su danne yadda ya kamata ba inji kan ƙi tashi ko ya mutu. Wasu makanikai sukan haɗe wayoyin don a huta. Ba mu yarda da wannan ba ko kaɗan, balle a filin da yara ke wasa: maɓallin kujerar nan shi ke tsayar da wuƙa in mai tuƙi ya faɗo.

Kafin ka aika Katsina ko Kano neman kaya, ka kwafi lambobin da aka buga a jikin inji, galibi a kan murfin bawul (bawul su ne ƴan ƙofofin da ke shigar da mai cikin silinda su fitar da hayaƙi). Jeri uku ne, kuma lambobi biyu na farkon jeri na uku su ne shekarar da aka ƙera shi. In ba da su aka tafi ba, za a kawo maka kafireto mai kama da naka wanda ba zai zauna ba.

Tambaya: Nawa injin yana aiki, amma wajen tayarwa sitata takan juya kaɗan ta cije, kamar an riƙe ta. Na sayi sabon batir, na sake sitata, bai daina ba. Daga unguwar Zariya ta Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗinka sun tafi inda cutar ba ta. Kusan kullum bawul ne ya saki. A cikin injin akwai wata ƴar dabara da ke ɗan ɗaga bawul lokacin tayarwa don matsin iska ya ragu. In tazarar bawul ta yi yawa, dabarar ba ta kai wa gare shi, sai sitata ta riƙa kokawa da cikakken matsi.

Gyaran na rabin awa ne, inji yana sanyi. Cire buji da murfin bawul. Juya inji da hannu har fistan ya kai ƙololuwa, bawul biyun a rufe, sannan ka ci gaba kaɗan har ya sauka kamar milimita 6. A yawancin masu silinda ɗaya na wannan kamfani, bawul ɗin shan mai yana son tazarar milimita 0.08 zuwa 0.13, na fitar hayaƙi 0.13 zuwa 0.18. Da siraran ƙarafan awo ake yi, masu gyaran babur na kasuwa sukan samu. In an daidaita bai daina ba, to dabarar ce ta karye a ciki, sai an buɗe inji.

Tambaya: Baƙin man nawa ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, kuma yana warin fetur.

Amsa: Kashe shi yanzu, kada ka sake tayarwa. Allurar da ke tsayar da fetur a kofin kafireto ta daina rufewa, fetur yana gangarowa daga tanki ya bi silinda ya sauka cikin baƙin mai. Man da ya tsinke haka ba ya kare ƙarfe. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana allurar zama, kuma fetur na kwalba da ake saye a bakin hanya bai cika rasa ta ba. A riƙa tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka sake allura, ka sake baƙin mai, ka sa ɗan famfo a tiyon fetur ka riƙa rufewa duk lokacin da ka gama aiki.

Tambaya: Ina da gidan saukar baƙi mai fili a hanyar Ɗan Isa. Yaron da ke yanka yana barin ciyawa tudu da kwari, injin kuma yana karkarwa. Tayoyi kullum a sace.

Amsa: Ranki ya daɗe, Hajiya, a fara da tayoyin, don taya ɗaya in ta yi laushi kwanon da ke rufe wuƙaƙe a ƙarƙashin inji karkacewa yake yi. A agogon awon iskar taya, na gaba suna son wajen bar 1, na baya wajen 0.7. Tsaidau da ƙayar aduwa ba za su bar taya marar tib ta zauna lafiya ba, a sa musu tib kawai a huta.

Karkarwa kuwa daga wuƙa take. A cire wayar buji tukuna, a tokare wuƙar da katako a kwance ta. Ƙasarmu rairayi ce, tana cinye fiffiken bayan wuƙa har ya zama kamar takarda. Wadda ta kai haka a jefar, don tana iya ɓallewa ta yi tsalle. Mai sauran ƙarfi a wasa ta da magagari bisa karkatar bakinta na asali, sannan a rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya shi za a ƙara ci har ta tsaya daidai. A girgiza sandar da wuƙar ke ɗaure a kai, in tana wasa ko tana gurnani boris ya tafi. A shimfiɗaɗɗen fili, gaban kwanon ya fi bayansa sauka da milimita 3 zuwa 6.

Ki ce wa yaron ya tsince duwatsu kafin ya hau, kada ya yanka jiƙaƙƙiyar ciyawa, kada kuma ya cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya.

Tambaya: In damina ta wuce, yaya zan ajiye shi?

Amsa: A watan Oktoba, ka rufe famfon fetur ka bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, ka juye na tanki. Sake baƙin mai yana da ɗumi, ko da bai cika awa 50 ɗin da ake sakewa ba. Kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwano, ka sa giris a duk bakin giris. Cire batir ka ajiye a inuwa, kana yi masa caji sau ɗaya a wata. Ka toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, ka ɗaura wani jan ƙyalle a sitiyari don ka tuna ka cire tsumman a watan Yuni.