Wai kalmar "hazard" daga wurin 'yan caca ta fito?

Tambaya: Malam, ni direban Adaidaita ne a Fagge, kullum ina danna fitilar "hazard" in zan tsaya. Wani fasinja ya ce min asalin kalmar ta 'yan caca ce. Gaskiya ne ko zolaya ta yake?

Amsa: Fasinjan nan bai yi maka ƙarya ba. Tun ƙarni na 14 mutanen Ingila ke buga wata caca mai wannan suna, ana jefa 'ya'yan lido biyu, ana zuba kuɗi. Daga Faransanci suka aro kalmar, masana da dama kuma na ganin tushenta Larabci ne, "az-zahr", wato ɗan lido. Da yake mai jefawa bai san abin da zai fito ba, sai ma'anar ta koma kasada, daga baya ta zama haɗari.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "ace". Lokacin da muke yara a Ƙofar Mata, in ka samu wannan kati a karta, har wani ɗaga kafaɗa kake. Alhali a da sunan ɗigo ɗaya ne na ɗan lido, mafi ƙanƙanta, wanda in ya fito maka an san ka yi rashin sa'a. 'Yan karta ne suka naɗa shi sarki.

Mafarauta ma sun bar tasu. "Quarry", dabbar da ake bi, asalinta kayan ciki ne da ake zuba wa karnuka a kan fata bayan an feɗe naman.