Ga 'yar'uwar da ta haifi jaririya mai tsagar leɓe a Agege

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, sai da na ajiye wayar na share hawaye kafin na iya rubuta miki. Kin ce 'yarki kwana 12 da haihuwa, leɓenta na sama a tsage har cikin ganɗa, in ta sha nono sai ya dawo ta hanci, dangin miji kuma sun ɗora miki laifi, kina tambayar yadda za ki yi. Wallahi kamar ni kika zauna kika ba labarina.

Nawa namiji ne, yanzu shekararsa 4. Ranar sunansa ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Mata sun cika tsakar gidan hayarmu, an yanka rago, ana ta rabon shinkafa, uwar mijina ta ɗauki yaron ta lulluɓe shi da zani har ka, ta kai shi ƙuryar ɗaki ta zauna a bakin ƙofa. Duk wadda ta ce a miƙo jariri ta gani, sai ta ce barci yake. Tun hantsi har la'asar, barci yake! Ina jin ta da kunnena tana gaya wa ƙanwarta wai a zuriyarsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, wai na fita waje daren da wata ya yi husufi ina da ciki, ko kuma na tsallake wani abu a hanyar kasuwa. Ni kuwa ga ɗanyen jego, ga nono ya cika yana min zogi don yaron bai iya kamawa ba. Mijina yana waje da abokansa, bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi maganarta ƙona min rai. Har yau in na ga zanin nan a akwati sai gabana ya faɗi, amma na kasa bayar da shi.

To ki saurara, ba ki yi komai ba. Likita ya zaunar da ni ya ce leɓen yaro yana haɗewa tsakanin mako na 4 zuwa na 7 na ciki, ganɗa kuma zuwa wajen mako na 9, lokacin da wata ma ba ta san tana da ciki ba. Wani gado ne, kuma gadon yana iya bin kowane ɓangare, har na uba, wani kuma haka Allah ya yi shi. A duniya kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa haka. Babu ruwan husufin wata, babu ruwan aljanu.

Yanzu abin da ke gabanki shi ne ta ƙoshi. Ni tatsar nono na riƙa yi ina ba shi da ƙaramin kofi da cokali, daga baya muka samu kwalba mai laushi wadda ake ɗan matsawa. Ki riƙe ta kamar a zaune, kada ki ba ta a kwance, kaɗan-kaɗan amma akai-akai, ki riƙa ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa don suna haɗiyar iska sosai. In nono ya ɓullo ta hanci kada ki firgita, ki goge ki huta ki ci gaba. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ce ta riƙa zama da ni cikin dare tana riƙe min kofin, matar da ko Hausa ba ta ji, Allah ya saka mata.

Mu a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba aka yi mana aiki, ƙungiyar Smile Train ce ke ɗaukar nauyin tiyatar a asibitocin da take hulɗa da su, kuɗin mota da na abinci muka fi kashewa. Ki kai ta tun yanzu su fara auna ta, don sai ta kai kamar mako 10, nauyinta ya doshi kilo 5, jininta ya isa, sannan su ɗinke leɓen. Nawa yana wata 4 aka yi, na ganɗa kuma bayan ya cika shekara. Ki sa ido kan kunnenta ma, yaran nan suna yawan ciwon kunne. Yarona har yanzu wasu haruffan ta hanci yake fitar da su, muna zuwa wajen mai koyar da furuci.

Don Allah kada ki bari a ɗura mata wani jiƙo ko a shafa mata komai a wurin. Kuma ki goya ta ki fita. Na yi wata 2 a kulle kamar mai takaba, ranar da na shiga motar haya da shi fuska a buɗe, kallo kawai aka yi, kowa ya koma harkarsa, Legas ce. Ki ja mijinki ya je ya ji daga bakin likita, nawa sai a nan jikinsa ya yi sanyi.

Uwar mijin nan tawa yanzu ita ce mai kiran yaron mai gidana, tana saya masa alewa, amma har yau ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ki turo min saƙo in za ki je, ni a Mushin nake, zan raka ki. Ki dai fito da asuba saboda cunkoson Oshodi.