Kwamfutar ɗiyata ta ƙi Windows 11

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayo wa ɗiyata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu daga Kano, tana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Windows 10 ne a kai, ta ƙi karɓar Windows 11. An cuce ni ne? Kuma yaya za mu sa mata intanet a gida? Wani uba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya sa yarinya ta amfana. Ba lallai an cuce ka ba. Windows 11 na da sharuɗɗa: RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) giga 4, ma'ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Furosesa kuwa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfuta, in ta kamfanin Intel ce, sai tsara ta 8 zuwa sama. A nan yawancin kwamfutocin hannu ke faɗuwa, ko da lafiyarsu ƙalau. Yarinyar ta danna maɓallin Windows tare da R, ta rubuta tpm.msc, za ta ga ko akwai guntun. Wani lokaci yana nan, a kashe yake kawai cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi.

Wasu masu gyara za su ce za su tura Windows 11 ɗin da ƙarfi. Ni ban so, domin Microsoft ba ta yi alkawarin sabunta irin wannan ba. Zama kan Windows 10 ma da damuwa, tunda tallafinsa na kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Da ɗiyata ce, Linux Mint zan sa mata, wani tsari da ke maye gurbin Windows: kyauta ne, yana tashi ko da RAM giga 2, yana zuwa da LibreOffice na rubutun aikin makaranta, da Faransanci ma. Sai dai ta fara tambaya ko malamanta na buƙatar wata manhaja da sai a Windows take aiki.

Intanet kuwa, kada ka yi gaggawar sayen akwatin wifi. Ta kunna raba intanet a wayarta, ku gwada layukan Airtel, Moov da Zamani a cikin ɗakin da za ta zauna, ba a ƙofar gida ba. Wanda ya fi kamawa, shi za ku saya wa akwati.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗinka. Windows kan sauke sabuntawa da kansa ya cinye datar wata a dare guda. In ta zauna kan Windows, ta shiga saitin wifi ta kunna "connexion limitée", mai taƙaita cin data, tun ranar farko.