Tambaya da Amsa: Shirya Babban Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa da Rawa a Legas

Wasiƙun wannan watan sun zo ne daga ƙungiyoyin matasa da malaman makarantu na unguwannin Hausawa a Legas, masu son su tashi daga gajeren wasan bikin yaye ɗalibai su shirya babban wasa wanda waƙa da rawa ke ɗauke da labarinsa. Mun miƙa su ga masu ba da umarni da masu haɗa sauti da suka daɗe a harkar dandamali, ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 45 ne a ƙungiyarmu. Mun rubuta wasa na awa biyu mai waƙoƙi 14, muna so mu nuna shi nan da mako shida. Duk cikinmu babu wanda wasa ne sana'arsa, 'yan kasuwa ne da ɗalibai da masu tuƙa Keke Napep. Lokacin zai ishe mu? Daga sakataren wata ƙungiyar matasa, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Mako shida ba zai isa ba. Masu dandamali suna da wani tsohon ma'auni: kowane minti ɗaya da 'yan kallo za su gani yana cin kimanin awa ɗaya ta bita. Wasanku minti 120 ne. In kuna haɗuwa sau uku a mako, awa uku kowane zama, mako shida zai ba ku awa 54 kacal, ko rabi ba ku kai ba. Wannan ma in kowa ya zo a kan lokaci ke nan, kuma wanda ya san gosulon hanyar Oshodi da yamma ya san hakan ba ta yiwuwa. Ko dai ku ɗaga ranar zuwa mako 12, ko ku rage wasan ya koma minti 75 da waƙoƙi takwas. Mu dai ragewar muka fi so. Waƙa takwas da aka haddace har ana iya rera su cikin barci sun fi goma sha huɗun da ake lalube.

Yadda za a jera aikin shi ne inda aka fi yin kuskure. Sababbin masu shiri kan fara da maganganu saboda sun fi sauƙi, sai su bar waƙa da rawa zuwa ƙarshe. Ku juya abin. A tsarin mako 12, mako uku na farko waƙa kawai, a zaune, kowa da takardarsa. A ɗauki muryar kowace waƙa a waya a tura wa 'yan ƙungiya ta WhatsApp su riƙa saurare a shago da cikin mota. Daga mako na huɗu zuwa na bakwai a shiga rawa da tsayuwa, wato wa zai shigo ta ina, ya tsaya ina, ya fita ta ina. Maganganun da ke tsakanin waƙoƙi a yi bitarsu daban da mutum biyar ko shida da abin ya shafa. Kada a tara mutum 45 su zauna suna kallon mutum biyu na musayar zance. Daga irin wannan zaman ne mutane ke fara sulalewa, mako na gaba ka nemi rabinsu ka rasa. Daga mako na takwas a fara haɗa fitowa da fitowa, a na goma a yi wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ana duba agogo. Makon ƙarshe na kaya ne da fitila da makirufo, ba na koyon sabon abu ba.

Abu biyu kuma. Kowane babban ɗan wasa a yi masa mataimaki wanda ya haddace duk abin da zai yi a wasan, domin zazzaɓi ko tafiyar gaggawa zuwa gida Arewa ba sa sallama. Sannan ku naɗa mutum ɗaya wanda ba ya cikin wasan, ya zama mai kula da dandamali. Shi ke riƙe babban littafin da aka rubuta kowace shiga da fita, kowane canjin fitila da lokacin da kiɗa zai tashi. Ranar wasa darakta ya gama nasa, maganar wannan mutumin ake bi.

Tambaya: Malamai, barka da aiki. Bara mun yi wasa da 'yan mata 30, iyaye suka ce rawa ta yi kyau amma ba su ji kalma ko ɗaya ta waƙoƙin ba. Bana muna shawarar ko mu ɗauko makaɗa ne ko mu sa kiɗan sutudiyo yara su riƙa bi da baki. Wanne ya fi? Daga wata malamar makaranta, Idi-Araba.

Amsa: Malama, barka kadai. Ƙorafin iyayen nan shi ne babbar matsalar irin wannan wasa. Bahaushe baiti yake bi a waƙa. In bai ji maganar ba, labarin ya wuce shi ko da an yi rawar duniya.

Bin waƙa da baki ba ma ba ki shawararsa. A fim yana wucewa, amma a dandamali 'yan kallo na gaba suna ganewa, kuma ranar da na'ura ta tsaya sai yara su daskare baki buɗe. Akwai tsaka-tsaki: a haɗa kiɗan a sutudiyo ba tare da muryar jagora ba, a saka muryoyin amshi ƙasa-ƙasa a ciki don su tallafa, jagora kuma ta rera da bakinta. Illarsa ita ce kiɗan na'ura ba ya jira. In yarinya ta makara da daƙiƙa biyu, haka za ta bi shi a guje har ƙarshen baiti. Makaɗi kuwa yana kallon mai waƙa, ya ja mata ko ya sassauta. In kuɗi ya ba da dama, mai fiyano ɗaya da mai kalangu da mai ganga sun wadatar, kuma mai fiyano zai iya sauke sautin waƙa in ya yi wa muryar yara tsayi. Sai dai a kula, damshin iskar Legas yana sa fatar ganga da ta goge su saki, don haka a ɗumama su a rana ko kusa da fitila kafin a fara, a sake dubawa lokacin hutu.

Dalilan da suka sa ba a ji baiti ba yawanci uku ne. Na farko, ganga ta danne murya. Makaɗa su zauna a gefe, ba a tsakiya bayan masu waƙa ba, kuma a ɗakin da bai wuce mutum 300 ba ganga ba ta bukatar makirufo ko kaɗan. Na biyu, wanda ke tsalle ba ya iya riƙe numfashin waƙa. Ki raba yaran: goma sha biyu masu murya su zama 'yan amshi, su tsaya a gefe kusa da makirufo biyu ko uku na tsaye, suna rangaji kawai, sauran su yi rawa mai ƙarfi. Na uku, lasifika. Dole ta kasance a gaban layin da masu makirufo ke tsayawa, tana fuskantar jama'a, a ɗage sama da kan mutum. Da zarar makirufo ya shiga gaban lasifika, sautin zai riƙa zagayawa tsakaninsu, shi ne wannan ƙarar mai tsaga kunne. Mai sauti kan rage murya don ya kashe ta, sai baiti ya ɓace. A ajiye wata ƙaramar lasifika a ƙasa tana fuskantar 'yan wasa don su ji kiɗan, in ba haka ba za su riƙa saɓa masa.

Makirufo marar waya na maƙalawa a kumatu, shida zuwa takwas sun isa manyan 'yan wasa. Ana iya karɓa-karɓa in an rubuta jadawalin wa zai miƙa wa wa. Sabon batir kowane wasa, ba wanda aka yi gwaji da shi ba. Akwatin da ake ɗaurawa a ƙugu a sa shi cikin safar hannu ta roba, domin gumi na kashe shi. Mai sauti kuma ya zauna cikin jama'a da kwafin wasan a gabansa, yana buɗe makirufon wanda ke magana kawai. In ya bar su duka a buɗe, za a ji hirar bayan labule a lasifika, kuma ba kowace hira ce ta jin iyaye ba.

Tambaya: Janareta mai girman nawa za mu haya? Ɗakin taron yana da wutar NEPA amma ba mu yarda da ita ba. Daga wani mai shirya wasa, Mile 12.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi daidai da ba ka yarda ba. Ku fara wasan a kan janareta tun daga farko, NEPA ta zama ta ko-ta-kwana, domin sauya layi a tsakiyar waƙa yana kashe miksa, wato na'urar haɗa sauti, da makirufo na ɗan lokaci. Lissafin kuwa: tara wat ɗin duk abin da za a kunna. Fitilun dandamali na zamani masu LED guda 12, in kowace wat 100 ce, 1,200 ke nan. Tsofaffin masu ƙwai mai zafi kowace na iya cin wat 1,000, sha biyu sun kai 12,000, ga zafin da za su zuba wa masu rawa. Ƙara kayan sauti, a ce wat 3,000, da fankoki. Janareta mai kVA 10 yana ba da wat 8,000 ne a zahiri, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu ba, wato 6,000, wanda ya ishi fitilun LED da kayan sauti da fankoki. In za a kunna na'urar sanyaya ɗaki, wannan lissafi ne daban.

Sauti da fitila kada su sha daga soket ɗaya, shi ke kawo gurnani a lasifika. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Janareta a waje, nesa da taga da ƙofa, saboda ƙara da kuma hayaƙinsa mai kisa. A cika mai kafin a buɗe ƙofa, ba a zuba mai yana aiki.

Tambaya: Muna so mu sa waƙoƙin wani marigayi mawaƙi a wasanmu. Tunda ya rasu, ai babu laifi ko? Daga wata Hajiya, Obalende.

Amsa: Hajiya, da sauran magana. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, waƙa tana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata, alal misali, ya rasu a 1999, kin ga da sauran tafiya. Ku nemi magada ko wanda ke riƙe da haƙƙin, ku karɓi izini a rubuce, musamman tunda za ku sayar da tikiti ko ku ɗora bidiyo a YouTube. Mafi sauƙi shi ne ku sa mawaƙan unguwa su rubuta muku sababbi, ku kuma rubuta yarjejeniya da su tun kafin wasan ya yi suna.

Tambaya: Wane irin wuri ya dace, kuma ƙarfe nawa ya kamata a fara? Wasu na cewa mu nemi babban gidan wasa na ƙasa don a san mun yi. Daga wani dattijon ƙungiya, Alaba Rago.

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji. Gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka yi bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977 a cikinsa, da MUSON a Onikan, da Terra Kulture a Victoria Island, duk wurare ne na alfarma, amma kuɗinsu da nisansu daga masu kallonku za su cinye ku. Mutum 250 a ɗakin mutum 250 biki ne. Su ɗin dai a ɗakin mutum dubu sai ka ce zaman makoki. Ɗakin taron makaranta ko na unguwa ya fi, muddin ya cika sharuɗɗa. Mai rawa yana bukatar kimanin murabba'in mita biyu, don haka mutum 20 a lokaci guda suna son fili mai faɗin mita takwas da zurfin mita biyar. A samu hanyar shiga ta dama da ta hagu, da hanyar zagayawa ta baya, da ɗakin canja kaya biyu, na maza da na mata. In kafinta zai ƙara dandamali, filawud mai kaurin milimita 18 ne, da katakon tallafi kowane santimita 40, kuma mutum goma su hau su yi tsalle a kai tun ana saura kwana uku. Ƙofofin fita kada a toshe su da kujeru, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara kusa da wayoyi.

Filin Allah kuwa a guje shi daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba saboda ruwa, ga LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, da ke rufe wurare kan ƙarar da ta dami maƙwabta. Rana tana faɗuwa a Legas tsakanin wajen shida da rabi da bakwai duk shekara, don haka a fara bayan La'asar, kamar shida saura kwata, a gina wasan yadda hutun rabin lokaci zai faɗo daidai Magariba, a ba da minti 25 na alwala da salla. Asabar ko Lahadi sun fi saboda hanya.

Kayan sawa a kai wa tela tun mako na huɗu, kuma in ranarku ta kusa da Salla, ku ninka lokacin. Wanda zai canja kaya cikin minti ɗaya, a ɗinka masa da abin mannewa a baya maimakon maɓalli, a naɗa rawani ko ɗankwali tun da wuri a kafe shi da zare yadda sai dai a kifa a ka, a kuma tsayar masa da mutum guda a bayan labule riƙe da rigar da tocila. Babbar riga da doguwar abaya a yi rawa da su aƙalla sau uku kafin ranar, don a ga inda ƙafa ke takawa da inda hannun riga ke kama wayar makirufo.