Me ya sa gyaɗa ke funfuna ko a shekarar fari?

Tambaya: Malam, bana ruwa ya ɗauke da wuri, amma gyaɗata ta yi funfuna mai launin kore-kore. Ba laima ce ke kawo ta ba?
Manomi daga Jigawa

Amsa: Malam, wannan funfunar, Aspergillus flavus, ta saba da wahala. Tana girma a zafin digiri 37, inda wasu ire-irenta suke kasawa. Idan ƙasa ta bushe sai ta dunƙule ta zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri, ta jira damina. Fari a makonnin ƙarshe kafin cira shi ne mafi muni: gyaɗar ta raunana, kwanso ya tsage, gara ta huda shi, funfuna ta shige. A cikin wannan matsin ne take yawaita dafin afulatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe shi.

Ka cire gyaɗa da zarar ta nuna. Ka shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, har damshinta ya sauka zuwa kashi 8 cikin 100. Ka tsince motsattsu da masu tabo, kada ka ba dabbobi, domin dafin yana bin nono. Baɗi ka watsa Aflasafe, wani maganin gona mai rage dafin afulatoksin, kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin fure.