Bayanana sun fita: me zan saya?

Tambaya: Malam, kamfanin da nake sayayya a wurinsa ta intanet ya aiko mini da saƙo cewa ɓarayi sun kwashe bayanan abokan cinikinsa, har da imel da kalmar sirrina. Wani ya ce in sayi manhajar kariya, wani ya ce in sake waya. Wanne zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Ba daga wayarki aka yi satar ba, daga rumbun kamfanin aka yi ta, kuma sabuwar waya ba za ta dawo da abin da ya riga ya fita ba. Abin da ya fi damuna shi ne ko kin sa wannan kalmar sirri a wasu wurare. Ga yadda ɓarayin ke yi: su ba na'ura imel da kalmar da suka samu, ta riƙa gwadawa a Gmail, Facebook da sauransu, duk ƙofar da ta buɗe su faɗa. Ba sa gaggawa kuma. An sace bayanan masu amfani da shafin LinkedIn a 2012, amma sai a 2016 aka ga an kasa na mutum sama da miliyan 100 ana sayarwa.

Fara da imel ɗinki yau, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya neman sabuwar kalmar sirri ta kowane asusunki, ta zo masa a hannu. Canza ta, duba jerin na'urorin da ke shige cikin asusun, kori wadda ba ki sani ba. Duba kuma ko an saita tura saƙonninki zuwa wani adireshi. Nan ne mutane da yawa ke mantawa. Daga nan sai banki, sai sauran. Kunna tabbatarwa ta mataki biyu a kowanne, wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida ta biyu, kamar lambar da ake turowa wayarki, kafin a shiga.

Tambaya: Malam, kalmomin sirri sun yi mini yawa. In biya kuɗin manhajar adana su?

Amsa: Ɗan'uwa, ba dole ba ne. Bitwarden na da tsarin kyauta, Google da Apple ma na da nasu a cikin waya. Zaɓi ɗaya, bar shi ya ƙirƙiro wa kowane asusu kalmarsa daban. In kana son kashe kuɗi, na fi so ka sayi ɗan makullin tsaro irin YubiKey, wato ƙaramar na'ura da ake haɗawa da waya ko kwamfuta don tabbatar da kai ne, guda biyu, ɗaya na ajiya.

Tambaya: Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ba ta isa ba?

Amsa: Ta fi babu, amma ɓarawo na iya yaudarar kamfanin waya ya ba shi layinka. Manhajar Google Authenticator ta fi aminci, don a cikin wayar take samar da lambar. Kuma bayan irin wannan sata, sa ran kira daga wanda ya san sunanka da lambarka, yana cewa daga banki yake. In ya nemi lambar da aka turo maka, kashe wayar, ka kira bankin da kanka.